Kafin Ka Bari a Ja Maka Ƙafa

Ɗana, kai da kake fita fili kullum bayan la'asar, ko a cikin garin Gwarzo kake, ko Getso, ko Kabo, ko Garo, ba ni aron hankalinka. Maganata a kan ɗan yankin nan ne da ya taso daga ƙasan gwiwa zuwa dunduniya: ƙwauri, da sharaɓa, da agara, da idon sawu. Nan ne ƙwallo ta fi cin yaranmu. Na daɗe ina tsayawa a bakin filayen ƙasar nan, na ga samari masu baiwa waɗanda gari guda ke fitowa kallonsu, yau ga su suna ɗingishi a bakin kanti ko a kan babur ɗin haya. In ka bi diddigi, kaɗan ne daga cikinsu bugun da aka yi musu ya gama da su. Yawanci abin da aka yi wa ƙafar a kwana ukun farko ne ya cuce su, sai kuma gaggawar komawa fili.

Tunda ku 'yan gidan kallo ne, bari in ɗauko muku misali daga can. A watan Oktoba na 2004 Djibril Cisse na Liverpool ya karye a wasansu da Blackburn, ƙasusuwan ƙwaurin nan biyu duka. Duk wanda ya ga yadda ƙafar ta lanƙwashe ya ce ƙwallo ta ƙare masa. Aka yi masa aiki, ya bi abin da likitoci suka ce, ya dawo a watan Afrilu na 2005, a watan Mayu kuma yana cikin waɗanda suka ci bugun fenariti a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Istanbul. Shi kuwa Marco van Basten na ƙasar Holan, wanda ya ɗauki kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Turai a 1988 da 1989 da 1992, idon sawu ne kawai. Tun yana Ajax ya yi ta buga wasa a kan ciwon, daga baya aka yi ta yi masa tiyata ba a dace ba. Wasansa na ƙarshe ya buga shi a 1993 yana ɗan shekara 28. Karayar da kowa ya ji tsoronta ta warke, ciwon da aka raina shi ne ya ajiye gwani.

To mu dawo gida. Ka san yadda ake yi in yaro ya taka rami, ko ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafar wani, sawun ya lanƙwashe ciki. Yana faɗuwa za ka ji an ce, "Targaɗe ne, ku ja masa!" Wani ya danne gwiwa, wani ƙato ya kama tafin sawu da hannu biyu, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya fizga, yaro na ihu ana ce masa ya yi ta maza. In an ji ƙas, sai a ce ta koma. A shafa man zafi, a ɗaure da tsohuwar safa, wani lokaci ma ya koma ya ƙarasa wasan. Da dare Inna ta dafa ruwa ta gasa masa da tsumma. Duk wanda ya sa hannu a nan ƙauna ce ta sa shi, ba na musun wannan. Sai dai a targaɗe babu abin da ya goce balle a mayar da shi. Jijiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi ta gefen waje na idon sawu ne suka miƙe fiye da kima ko suka yage, jini kuma na tsiyaya a ciki. Ja yana ƙara yagar. Zafi kuwa, na ruwa ne ko na mai, buɗe hanyoyin jini yake yi, kumburi ya ƙaru. Shi ya sa ake wayar gari ƙafa ta suntume, takalmi ya ƙi shiga.

Abin da za ka yi bai kai wannan wahala ba. Ka fita daga wasan, ko da wasan ƙarshe ne. A nemo ƙanƙara, ko ledar ruwa da ta daskare wajen mai firij, a naɗe ta a ƙyalle, a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a maimaita bayan awa biyu ko uku. In babu wuta a gari, ruwan randa ya fi babu. A ɗaure da bandeji mai roba, ɗauri sassauƙa wanda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. Ka kwanta ka ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirjinka tudu. Gashi da tausa su jira sai bayan kwana biyu ko uku.

Sai babbar tambaya: targaɗe ne ko karaya? Kumburi ba ya rabe su, ihun yaro ma ba ya rabe su. A 1992 wasu likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fito da wata ƙa'ida mai sauƙi wadda asibitocin duniya ke bi har yau, kuma kai ma za ka iya riƙe ta. Na farko, zai iya taka ƙafar taku huɗu, ko da ɗingishi ne? Na biyu, a sa yatsa a danna bayan ƙashin idon sawu, na ciki da na waje, daga tsininsa zuwa sama kimanin faɗin yatsu huɗu, a kuma danna ƙashin da ya ɗan turo a gefen sawu, tsakanin dunduniya da ƙaramin yatsa. In ya kasa taku huɗun nan, ko kuwa ƙashin kansa ne ya amsa da zafi, to sai an ɗauki hoto. Ku fara da asibitin gwamnati mafi kusa, ko Babban Asibitin Gwarzo. In abin ya fi ƙarfinsu, titin nan da ya bi ta Rimin Gado shi zai kai ku Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, aikinsa ke nan.

Ƙannenka 'yan shekara 12 zuwa 15 su ne suka fi bukatar a kula. Yaron da bai gama girma ba, a ƙarshen ƙasusuwansa akwai wani sashe mai taushi inda tsawo ke fitowa, kuma wurin ya fi jijiya saurin bayarwa. Murɗewar da za ta zama targaɗe ga babba, ga yaro tana iya zama tsagewa a wannan wuri. In aka ja ta, ko aka bar ta ta haɗe a karkace, ƙafar na iya girma a karkace ko ta fi 'yar'uwarta gajarta, kuma ba a ganin ɓarnar sai bayan shekara ɗaya ko biyu.

Na san abin da za ka ce. Asibiti kuɗi, mota kuɗi, ga mai ɗori a unguwa, gadon gidansu ne, shi ya ɗora kawunka har ya koma gona. Ba ni da bakin raina masu ɗori. Sun yi wa jama'a hidima tun kafin a gina asibiti a ƙasar nan, kuma akwai masu hankali a cikinsu da yanzu ba sa taɓa ƙafa sai ka kawo musu hoto. Amma akwai karayar da hannu ba ya ganinta: wadda ta shiga cikin gaɓa, da wadda ƙashi ya farfashe, da wadda ƙashi ya huda fata ya leƙo. Ita wannan ta ƙarshe, kada a tura ƙashin ciki, kada a zuba toka ko garin magani. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tallafe ƙafar da katako ta daina motsi, a nufi asibiti a daren. Filayenmu nan ne awaki da shanu ke ratsawa da safe, ƙasarsu na ɗauke da ƙwayar cutar tetanus mai sarƙe haƙora, saboda haka ko yankan but ne mai zurfi a ƙwauri, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar rigakafi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a duk wannan harka shi ne ɗauri. Tsokokin ƙwauri da sharaɓa a cikin wani tantani mai tauri suke, wanda ba ya miƙewa. In an karye, ko an sha mugun duka, ciki zai kumbura. In kuma aka zo aka jera karare aka tamke tam da igiya, jini ya rasa hanya. Cikin awa shida zuwa takwas tsoka ta fara mutuwa, abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa. Ka riƙe alamun nan: ciwo mai ƙaruwa wanda ya fi ƙarfin raunin, magani ba ya taɓa shi, in an ɗan lanƙwasa yatsun ƙafar sai mutum ya ƙwalla ihu, yatsun sun yi sanyi, sun yi fari ko sun yi duhu, ko kuwa ba ya jin an taɓa su. A irin wannan dare ne ake ce wa yaro, "Ɗorin ne ke kamawa, ka daure." Kada ka daure, ɗana. A kwance ɗaurin nan take, a nemi mota. Ko simintin asibiti ne ya matse haka, a koma a tsaga shi, ba a jiran gari ya waye. Likitocin ƙashi a Arewa sun sha yanke ƙafar yaron da ƙaramar karaya ta samu, wadda da an bar ta ma ba ɗauri da ta fi haka sauƙi.

Akwai kuma ciwon da ba wanda ya buge ka. Da rani fili ya bushe ya yi tauri, ga gasa ta zo ana buga wasa kusan kullum. Ko kuwa saurayi ya ji za a ɗauki soja ko ɗan sanda, wanda bai saba gudu ba, ya wayi gari yana cin kwalta kowace asuba da tsohon kambas da ƙasansa ya cinye. Bayan mako biyu sai ciwo ya tashi a gefen ciki na ƙwauri, ya shimfiɗu kimanin taƙi guda, yana lafawa in jiki ya yi ɗumi, yana dawowa bayan an huta. Wannan ƙashi ne da tsoka ke cewa kaya ya yi yawa. Maganinsa a rage gudu, a koma ƙasa mai taushi, a hau keke na ɗan lokaci, sa'annan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, mako bayan mako. Amma in ciwon ya tattaru wuri guda wanda kan yatsa zai rufe, yana damunka ko tafiya kake, yana tashinka da dare, in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya ya soke ka, to ƙashin ya fara tsagewa. A jikin sojoji aka fara gane irin wannan tsaga, wani likitan soja a ƙasar Jamus ya bayyana ta a 1855 a sawun masu doguwar tafiyar ƙasa. Sau da yawa hoto ba ya nuna ta a mako biyu ko ukun farko, don haka in an ce hoto lafiya amma alamun na nan, alamun za ka bi. Hutunta mako shida zuwa takwas ne, wani lokaci fiye. Wanda ya ƙi hutun, wata rana da ɗan ƙaramin bugu ƙashin zai ƙarasa, ya yi wata huɗu ko shida a zaune. Sauri ya haifi nawa.

'Yata, ke ma ina sane da ke, ke da kike wakiltar gidanku a tseren makaranta. Irin wannan tsagewar ƙashi ta fi samun yarinyar da ke gudu da yawa ba ta cin abinci sosai. In al'adarki ta ɗauke wata da watanni alhali kina atisaye, ba abin kunya ba ne, alama ce jiki bai samu abin da zai gina ƙashi ba. Ki faɗa wa mahaifiyarki, ku ga ma'aikaciyar lafiya.

Agara ita ce jijiya mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam, amma kamar igiyar guga take: zare-zare take saki kafin ranar da za ta tsinke. Farkon abin, ka sauko daga gado da safe ka ji bayan dunduniya ya riƙe, sai ka ɗan taka ya sake. Yawancinku a nan kuke ƙyale ta. David Beckham a watan Maris na 2010, yana AC Milan, ba wanda ke kusa da shi agararsa ta tsinke, ya rasa kofin duniya na Afirka ta Kudu. Namu Ogenyi Onazi tasa ta tsinke a ƙarshen 2018 a ƙasar Turkiyya, bai je gasar Afirka ta 2019 a Masar ba. Wanda abin ya samu yakan ji an buge shi ta baya, ya waiga ya ga ba kowa. Yaudarar ita ce yana iya ɗingisawa ya je gida, sai a ce targaɗe ne. Ga yadda ake ganewa: ya kwanta rub da ciki a kan benci, sawunsa na reto a waje, ka kama sharaɓarsa da hannu ka matsa. In agara lafiya take, za ka ga sawun ya motsa ƙasa da kansa. In bai motsa ba, ka gwada ɗayar ƙafar ka ga bambanci, sa'annan ku tafi wajen likitan ƙashi a kwanakin nan, don in ta daɗe bakin jijiyar biyu nesa suke yi da juna, gyara ya yi wuya. Warkewarta wata shida zuwa tara ne, ko fiye. Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: maganin nan ciprofloxacin da ake yawan saya a kemis da sunan taifot yana cikin magungunan da ke raunana agara. In likita ya rubuta maka, ka gaya masa kai ɗan wasa ne, in kuwa ba likita ne ya rubuta ba, me ya kai ka?

Wannan ya kawo mu ga allurar kafin wasa. Ana saura awa guda a take, yaro ya leƙa kemis a yi masa allurar kashe ciwo, wani ma ya haɗiyi tiramol, ya shiga fili yana gudu a kan jijiyar da ta yage. Hausawa suka ce jiki magayi. Ciwo shi ne bakin da jiki ke magana da shi, in ka toshe bakin ɓarnar ba ta tsaya ba, kai ne kawai ka daina ji. Da dare maganin ya sake ka, ka tarar da abin da ka yi wa kanka. Balle tiramol da ke shiga jiki ya ƙi fita. Haka kuma kada ka yarda a soka maka allura a kan agara don ciwo ya kwanta, akwai irin da ke sa ta tsinke.

Yaushe za a koma fili? Ba ranar da kumburi ya saɓe ba, ba kuma ranar da kaftin ya zo gida yana cewa ba su da mai tsaron baya. Ƙaramin targaɗe yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, babba mako shida ko fiye, amma ƙafar za ka tambaya, ba kalanda ba. Ka iya tafiya ba ɗingishi? Ka iya tsayawa a kan ƙafar ita kaɗai rabin minti, ido a rufe? Ka iya ɗagawa a kan yatsunta sau 20, ka yi tsalle da ita, ka yi gudu ka juya da sauri ba ka ji komai ba? In ɗaya ya gagara, da sauranka. Dalilin tsayuwar ƙafa ɗayan nan shi ne, jijiyar da ta yage ba ɗaure ƙashi kaɗai take yi ba, ita ce ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda sawu ya taka ƙasa. In ba a sake koya mata ba, sawun zai riƙa murɗewa a kai a kai, har a ce wane ai ƙafarsa ta saba. A manyan asibitocin Kano akwai sashen gashi, inda likitocin motsa gaɓoɓi ke koyar da wannan, kuma zuwa ɗaya ko biyu ya isa a nuna maka abin da za ka ci gaba da yi a tsakar gida. In ka koma wasa, ka riƙa ɗaure idon sawun na wasu watanni.

Abin dariya, kakanninku sun riga Turawa. Langa, wadda kuke ganin wasan ƙauye ce, tsalle ne da ƙafa ɗaya ana ture juna, kuma kusan abin da masana ke sa manyan 'yan wasa su yi ke nan don ƙarfafa idon sawu. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda ya ƙunshi sassarfa, da ƙarfafa cinya da ciki, da tsayuwar ƙafa ɗaya, da koyon sauka daga tsalle gwiwa a lanƙwashe. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Ba ya bukatar komai sai fili da koci mai naci, bidiyonsa kuma na nan a intanet. Ku kuwa yaya kuke yi? A sauko daga babur, a ɗaura but, a buga wa gola ƙwallo biyu, a ce alƙali ya hura. Da hunturu ma haka, jiki a sandare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran ƙanana ne, amma su ke tara wa mutum lafiya. But mai dogayen haƙora na ciyawa ne, a busasshen fili murɗe sawu yake yi, gara mai ƙananan haƙora da yawa. Kwalin da kuke cusawa a safa ba ya tare komai, ku nemi abin kare ƙwauri na gaske. Kafin wasa ku zaga filin ku cike ramuka, ku tsince duwatsu da fasassun kwalabe, musamman bayan damina da ruwa ya zaizaye ƙasa. Ku sha ruwa, ku ci wake da gyaɗa da ƙwai da zogale, ku sha fura da nono. Taba da shisha kuwa jinkirta haɗewar ƙashi suke yi. Kai kuma mai shiga da ƙafa biyu don 'yan kallo su yi maka tafi, ka tuna wanda ka nufa ɗan wani ne, gobe a sahu ɗaya za ku yi sallah.

Ƙungiyoyinku na unguwa ba sa rasa karo-karo: na jesi, na ƙwallo, na motar zuwa wasa Karaye ko Shanono. Ku ware wani abu a cikin asusun nan wanda ba a taɓawa sai ranar da wani ya faɗi, ya isa kuɗin mota da na hoto. Ku ajiye bandeji biyu da katako biyu masu tsawon ƙwauri a jakar koci, ku san gidan da ake samun ƙanƙara kusa da fili, ku kuma riƙe lambar direba ɗaya da zai tashi ko da tsakar dare ne.